Injiniyan da ya gyara mini rezo bayan birus ya yi garkuwa da shagona

Salamu alaikum. Tun da abin nan ya faru da shagona mutane ke ta tambayata, wa ya gyara maka, nawa ka biya, aikin nashi ya yi ko cin kuɗɗi ne kawai. Bakina ya gaji da maimaitawa, har mai shayin da ke gefenmu ya haddace labarin shina ba mutane da ƙarin gishiri, to gara in rubuta da kaina kowa ya karanta a huta.

Ga wanda bai san ni ba, ina da ɗan shagon foto-kopi da buga takardu nan Maradi, kwamfuta 4, firinta 2, sai wifi da nike saida tike na awa ko na wuni ga samarin unguwa. Rabin cinikina na ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ne, in lokacin memuwar, wato kundin kammala karatu, ya zo sai ka ga shagon kamar gidan biki. Wasunsu ba su da kwamfuta tasu, rubutun hannu suke kawowa mu buga musu mu aje a wurinmu, su riƙa zuwa ana gyara duk sanda malaminsu ya ja jan biro. Ku riƙe wannan, a nan gizo ke saƙa.

Wata Asabar da safe na buɗe shago, yarona ya kunna babbar kwamfutar da muke aje komi a cikinta, sai na ji ya ce Alhaji zo ka gani. Ban je Makka ba tukuna, haka dai suke ce mini, Allah ya amsa bakinsu. Na leƙa, duk fishiyen da ke ciki sun sake kama, kowane an liƙa mishi wata wutsiya ta baƙaƙe 4 a ƙarshen sunanshi, ka danna memuwar ba ta buɗuwa, ka danna hoto ba ya buɗuwa, har katin gayyatar bikin da munka gama daren Juma'a wanda za a zo karɓa da hantsi. Sai wata ƴar takarda mai suna _readme.txt, ita kaɗai ke buɗuwa, da turancin Ingila. Wani ɗalibi da ya yi karatu Katsina ya karanta muna, ya ce wai sun kulle kayanmu, in muna son makulli mu biya dala 980, in mun yi sauri cikin awa 72 su rage muna rabi, 490. Wallahi dariya na yi, na ce dala 980 ai ko jikka 5 ba ta cika ba, a ba su mana mu huta. Yaron ya dube ni ya ce Alhaji ba dalarmu ba fa, dalar Amurka. Da anka buga lissafi ya haura jikka 500. Nan dariya ta tsaya.

Memuwar mutum 7 ke ciki, biyu daga cikinsu saura ƴan kwanaki su tsaya gaban malamai.

Sai daga baya yarona ya faɗi gaskiya. Da daddare ya sauko da wani lojisiyel na gyaran hoto mai kirak, wato na sata, da antibirus ya yi ƙorafi sai ya kashe shi don haka anka ce a yi a bidiyon da ya kalla. Ban iya yi mishi faɗa sosai ba, saboda tsakani da Allah kusan duk abin da ke kan kwamfutocin nan na kirak ne, kuma ni na koya mishi.

Wanda na fara nema wani mai gyara ne da na saba da shi, ko kallon takardar bai yi ba ya ce in kawo jikka 15 ya formata, wato ya goge kwamfutar tas ya sake ɗora mata Windows, ya dawo mini da komi. Wani abokina mai saida panno ne ya ce kar in yarda, ya ba ni lambar wani yaro da ke da ɗan shago Unguwar Zariya, shina haɗa rezo, wato sada kwamfutoci da juna da kuma intanet, ga ofisoshi da masu wifi, shina kuma koyarwa da dare. Ba zan sa sunanshi ba don ban nemi izninshi ba, mu dai Injiniya muke ce mishi.

Tun a waya ya fara burge ni. Bai yi zancen kuɗɗi ba, bai ce in ɗauko kwamfuta in kawo ba. Cewa ya yi Alhaji ina kan layi, zagaya bayan kwamfutar yanzu ka zare kabul ɗin rezo, ka kashe wifi, kar wanda ya soka kile USB a cikinta, kilen da anka soka tun jiya a ware su gefe guda, kar ka goge takardar nan, kuma don girman Allah kar ka bari kowa ya formata. Na ce mi ya sa? Ya ce in gobara ta kama ɗaki ɗaya ba tsayawa ake ana neman wa ya ƙyasta ashana ba, raba ta ake da sauran ɗakuna. Ashe irin wannan birus na iya bin dosiyen da anka raba tsakanin kwamfutoci ya kulle duk abin da hannunshi ya kai, mu kuwa huɗun duka a haɗe suke kamar tsintsiya.

To kuma tun ran nan ya fara ɓata mini rai. Ƙarfe 10 na safe ya ce gani nan tahe. Sai bayan la'asar ya sauka daga kabu-kabu da jakarshi a baya ko a jikinshi, ni kuwa ɗalibai sun cika mini shago, wata yarinya ta zauna bakin ƙofa tana ta kuka. Wannan hali nashi har yau bai sake ba, in ya ce maka yanzu to ka je ka yi sallarka ka ci abinci.

Da ya zauna kam aiki ya yi. Ya buɗe tashi kwamfutar, ya kwafi takardar da fishiye guda ya duba, ya ce wannan dangin da ake ce ma STOP ko Djvu ne, sananne ne, kuma hanyarshi kenan, cikin kirak shike ɓuya. Ya ce in ɗauke shi kamar masu garkuwa da mutane, sai dai su fishiye suke kamawa su nemi fansa. Ya yi mini bayani da kwaɗo yadda zan gane. In lokacin da birus ɗin ya shiga bai samu intanet ba, kwaɗon kasuwa shike sa wa, irin wanda makulli guda ke buɗe da yawa, kuma in masana sun samu wannan makullin sai kowa ya amfana. In kuwa ya samu intanet sai ya kira iyayen gidanshi su ƙera kwaɗo naka kai kaɗai, makullin na aljihunsu. Ya nuna mini wani shafi da ake ce ma No More Ransom, wanda ƴan sandan Turai na Europol da na ƙasar Holan da kamfanonin Kaspersky da McAfee sunka buɗe a 2016, ana samun makullan wasu birus kyauta a can, sannan ya gwada na kamfanin Emsisoft da anka yi musamman don wannan dangin. Ba a daɗe ba ya ɗago kai ya ce Alhaji naka mai intanet ne. Ba za su buɗu ba, ni ban iyawa, kuma duk wanda ya ce maka shina iyawa a garin nan kuɗinka shike so.

Na ce to in ci bashi in biya su mana? Ya ce kuɗinka ne, amma in sun karɓa sun yi shiru gaban wane alƙali za ka kai su? Ni fa a nan ya saye ni. Mutum ya same ka a rikice, ya san ko jikka 50 ya yanka za ka miƙa hannu na rawa, amma ya kalle ka ya ce ban iyawa. A masu gyaran garin nan ban saba jin wannan kalma ba.

Sai ya koma tsince-tsince. Ya zaunar da ɗaliban ɗaya bayan ɗaya, ka taɓa tura ma malaminka ta WhatsApp? Ka taɓa sa wa a imel? Ina kilenka, ina na abokinka? Ta haka munka tsamo 5, wasu tsohon kwafi ne na sati ɗaya ko biyu da ya wuce amma dai da hanau gara mannau. Sauran biyun daga takardun da anka taɓa bugawa munka sake bugawa tun daga farko, kwana 3 ni da yarona muna kai wa ƙarfe 2 na dare, ko dala ban karɓa ba, da wane ido.

Ina murnar an tsira sai ya ce da sauran rina a kaba. Wai irin wannan birus ba kasafai shike zuwa shi kaɗai ba, shina tahe da ɗan rakiya, ɓarawon kalmar sirri, wanda ke kwashe duk abin da ka ce ma Chrome ya riƙe maka. Ya sa na canza komi a take, kuma daga wayata, ba daga kwamfutar da ta kamu ba. Ya ce a fara da imel don shi ne uwar makullai, duk wanda ya riƙe Gmail ɗinka sai ya je Facebook ya ce ya manta kalmarshi a turo mishi sabuwa, shi kenan. Da munka shiga Facebook na shago wurin da ke nuna na'urorin da ke ciki, ga wata nan da ba mu san ta ba, ba wayata ba, ba ta yarona ba. Munka kore ta, munka sa tabbaci mai hawa biyu. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne da ya ce dole in faɗa ma duk wanda ya taɓa buɗe akwatinshi a kwamfutar nan ya canza nashi. Na so in yi shiru don kunya da tsoron cinikina. Ya ce amana ce. Na rubuta na liƙa a bango.

Washegari ne ya kunyata ni da gaske. Ya sayi tike na dala 20 a hannun yarona kamar kowane kwastoma, ya zauna kan benci da wayarshi, ko minti 5 ba a yi ba ya juyo mini da ita, ga dosiyen shagona gaba ɗaya a buɗe, ga firinta, har ya buga wata takarda daga inda shike zaune. Sannan ya rubuta 192.168.0.1, shafin ruta, akwatin nan da ke raba wifi, ya buɗe, ya sa admin a sama admin a ƙasa, ya shige. Shekara 3 rutar nan na maƙale a bango da kalmar da ta zo da ita daga kwali, kuma duk ɗan unguwar da ya taɓa sayen tike cikin ɗakina shike zaune ban sani ba.

A nan ya tsaya ya koya mini abin da nike saidawa ban san shi ba. Ya ce kowace na'ura da ta hau rezo tana da lambarta, shi ne IP, kuma ruta ce ke raba lambobin kamar ɗan kamasho a tasha shina ba fasinja kujera, in ka sauka a ba wani, wannan rabon shi ake ce ma DHCP. DNS kuwa littafin lambobi ne irin na cikin wayarka, kai suna kake rubutawa shi ya nemo lamba, kuma wanda ya shiga rutarka na iya canza maka littafin, ka rubuta sunan banki daidai ya kai ka gidan ɓarawo. Wannan ya tsorata ni fiye da komi. Ita rutar kanta ya ce in ɗauke ta kamar bakin iyakar Ɗan Isa, komi ta nan shike shiga ya hita, sai dai tawa iyakar babu ko duwan guda a kanta.

Ya kawo wata ƴar ruta ta MikroTik, irin wadda yawancin masu wifi ke sa wa, ya raba rezon gida biyu da katanga tsakani, masu tike intanet kawai suke gani, ba su ganin kwamfutocina, ba su ma ganin juna. Ya kashe wani abu da ake ce ma WPS, gajerar hanyar hawa wifi ba da kalmar sirri ba, wai lamba 8 ce amma tun ƙarshen 2011 anka gano ana iya gwada ta rabi-rabi, gwaji wajen 11,000 ya isa a fasa ta, wanda ga na'ura wasan yara ne. Ya kulle wifi da kwaɗon da ake ce ma WPA2 da doguwar kalma. Ƴar kamarar da na sa saman ƙofa ita ma da kalmar kwali take, ya ce irin su ne wani birus mai suna Mirai ya tattara a 2016 da jerin kalmomin kwali wajen 60 kacal, ya mai da su runduna, anka yi ta ma wani kamfani a Amurka ruwan saƙo har manyan shafuka irin su Twitter da Netflix sunka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa. Na ce yanzu kamarar nan tawa ta jikka kaɗan za ta iya zuwa yaƙi Amurka? Ya ce ba tare da ta faɗa maka ba ma.

Kabul kuwa duk ya cire nawa da ɓera ya ɗanɗana, ya ja sabbi. Ya sa yarona ya matse kan kabul da hannunshi, ƴan wayoyi 8 kowace da gurbinta, fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, sai masu ruwan ƙasa biyu a ƙarshe. Yaron ya ɓata kai 4 kafin na biyar ya kama, Injiniya bai karɓe abin matsewar ba, shina tsaye shina cin gyaɗa. Na so a ja mini ɗaya har gidana da ke baya, ya taka ya auna da ƙafa ya ce ya wuce mita 100, kabul ba ya kai haka sai an sa suwic a tsakiya. Na bar zancen.

Inda munka yi sa-in-sa da shi kan Windows ne. Kwamfutoci biyu Windows 7 ke kansu, ya ce tun 14 ga Janairu 2020 anka daina yi mishi mizajur, wato gyaran da ke toshe ramukan da birus ke bi, shi ma Windows 10 wa'adinshi 14 ga Oktoba 2025 ne. Ya ba ni labarin WannaCry da ya ɓarke ran 12 ga Mayu 2017 ya shiga ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila sunka riƙa mai da marasa lahiya gida, alhali tun watan Maris anka hiddo da maganin ramin da ya bi, mutane ne ba su sa ba. Duk na yarda. Amma da ya ce in sa Linux da LibreOffice a madadin Windows da Word a kan tsohin tunda kyauta ne, na gwada sati guda, ɗalibi ya kawo memuwar da ya tsara a Word, a buɗe teburi ya goce, lambar shafi ta yi tsalle, a yi ta rigima. Shi injiniya ne, bai taɓa tsayawa gaban ɗalibin da sutnans ɗinshi, wato kare memuwar gaban malamai, gobe ba. Ƙarshe dai guda na bar ta da Linux don masu shiga intanet da masu kawo kile, ɗayar na cire ta daga rezo gaba ɗaya, bugu kawai take. Kirak kam mun rabu, saki uku.

Darasin dare shi ne nike ganin ya fi komi daraja a cikin abin da na biya. Dare 3 ne bayan isha'i a shagonshi, mu 6 kan benci da fanka ɗaya. A daren farko ya ce cikin satin nan zan gwada kowannenku, kun yarda? Munka ce mun yarda, ni har ina cewa a raina wanda maciji ya sara ai ko igiya ya gani gudu shike. Yarona aka fara kamawa, saƙo ya zo mishi wai kyautar forfe giga 50, danna nan. Na yi mishi dariya har da riƙe ciki. Kwana biyu bayan nan wata baƙuwar lamba ta rubuto mini da faransanci mai kyau, wai wata ƙungiya ce ke son kwafi 300 na littafin horo kafin Alhamis, ga samfurin a duba a ba su farashi. Ko tunani ban yi ba na danna. Shafi ya buɗe fari fat, rubutu layi ɗaya: Alhaji an kama ka. Da dare ya karanta ma ƴan aji, ya ce yaro da kyauta ake kama shi, mai shago da ciniki, Hajiya da hoton jika, kowa da irin tsabar da ake watsa mishi.

Ya koya muna karanta adireshi, ka duba sunan da ke daf da sandar farko mai karkata, shi ne mai gidan, duk abin da anka jera a gabanshi ado ne. Kuma ɗan kwaɗon nan da ke hitowa gefen adireshi ba shaidar mutunci ba ce, cewa kawai shike ba mai iya leƙen abin da ke wucewa tsakaninka da mai shafin, mai shafin kuwa shina iya zama ɓarawo.

Ba a yi wata ba darasin ya yi mini rana. Yayana da ke fataucin Kano anka kira shi, wai an sa shi a wani gurup na ƴan kasuwa, za a turo mishi lamba 6 ya karanto don a tabbatar da shi. Ya karanto. Nan take WhatsApp ɗinshi ya hita daga wayarshi, kafin magariba an fara rubuta ma dangi da sunanshi wai ya maƙale a hanya a turo kuɗɗi. Da dā ne da sai dai mu yi ta salati. Na ce Yaya kawo wayar, munka sake rajista da lambarshi tunda pus ɗin na hannunshi, sabuwar lamba 6 ta shigo munka sa, kuma da ka sa ta wancan na can ya faɗo. Sai dai ɓarawon ya riga ya sa nashi PIN na tabbaci mai hawa biyu, dole anka jira kwana 7 kafin Yaya ya shiga, amma dai shi ma wancan ba ya ciki. A daren muka raba kira, ni da ɗiyanshi, kira na murya ba rubutu ba, har liman ya faɗa bayan asuba. Ƙanwarmu ɗaya ce ta riga ta tura jikka 10. Yanzu duk gidanmu babu wanda ban sa ma PIN nashi ba, har Inna, ita nata a rubuce shike cikin littafin addu'arta, Injiniya ya ji ya ce ya fi babu.

Ya kuma ce duk abin da ya faru a ɗauki hoton saƙo da lamba da lokaci kafin a goge, don akwai doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet, ana iya kai ƙara wurin ƴan sanda. Ya ja muna kunne cewa dokar ba ɓarayi kaɗai ta shafa ba, har da zagi da ɓata suna, masu tura duk abin da ya shigo gurup su ji.

Zancen kuɗɗi. Dubawa da wanke kwamfutoci jikka 20, aikin rezo jikka 45 kuɗin hannu, kaya daban, darasi jikka 10 kowane mutum. Na yi ciniki ya rage ɗan kaɗan a kuɗin hannu, darasi ko dala bai rage ba. Kayan da ya sawo mini ina zargin da na aika Kano da sun fi sauƙi, in kana da mai zuwa ka karɓi sunan kayan ka sawo da kanka. Diski biyu na ajiya ya sa na saya, kowace Alhamis a kwafe komi, ɗaya na kwana gida kuma ba a barin shi a soke, don abin da ke soke birus na kai mishi. Ya kuma sa mu goge fishiye guda da gangan mu dawo da shi daga diskin a gabanshi, wai ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba rijiya ce da ba a san ko da ruwa ba.

Abin da ban ji daɗi ba bayan lattin, ba ya rubuta komi. Ya gama aiki ya ɗauki jaka zai tahi, kalmar sirrin ruta na kanshi shi kaɗai. Na ce ƙanena tsaya, kai da bakinka ka ce kar a bar makulli hannun kowa, in ka tahi Yamai ko wayarka ta faɗa ruwa fa? Ya yi dariya ya rubuta mini, na canza ta bayan tahiyarshi kamar yadda ya koya mini. Risit ma sai da na matsa. In zance ya ɗauke shi kuma sai ya zarce da faransanci da kalmomin littafi, sai ka ce dakata, faɗa da Hausa, to in ka tsayar da shi ya iya, in ka yi shiru don kunya haka za ka tashi ba ka gane komi ba. Shi kaɗai ne kuma, ba shi da yaro, ran da wifi ya tsaya mini da yammar Juma'a wayarshi a kashe har Asabar, samari na ta zagina kan tikensu. Mai babban ofis da ke son a zo mishi cikin awa ɗaya ya yi tunani. Mai shago irina, ko mai wifi, ko mai wurin tura kuɗɗi, in da goma ake aunawa ni 8 zan ba shi, biyun na bar su a kan kabu-kabun da bai taɓa isowa kan lokaci ba.

Tsohon diskin da anka kulle shina nan cikin durowa a leda, ya liƙa mishi takarda da kwanan wata, ya ce kar in yar, wani lokaci ana kama irin mutanen nan makullai su hito, in tuna mishi bayan Sallah mu sake gwadawa. Ya kuma yi alkawarin zuwa ya liƙa ma kowane kabul suna don in san wanne ke zuwa ina. Sau 3 ina kiranshi kan wannan, jiya ma ya ce gani nan tahe.